Ahlat, Tsohon Birnin Bakin Tafkin Kanwa

Daga Wakilinmu

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, yanzu hanyar Santambul ta zame musu kamar hanyar Kano. Su sauka da asuba, su faɗa unguwar Laleli, su ɗaure dilolinsu na riguna da takalma da dardumomi, kwana huɗu ko biyar sai gida. In ka tambaye su labarin Turkiyya, iyakarta farashin kaya da kuɗin awo. To, amma ƙasar doguwa ce ƙwarai. Can gabas, dab da iyakar Iran, tafiyar kamar awa biyu a jirgin sama daga Santambul, akwai wani tafki da ya fi duk tafkunan ƙasar girma, kuma a bakinsa akwai wani tsohon birnin Musulunci da ake kira Ahlat. Su ne na kai wa ziyara cikin watan Yuni, ga kuma abin da na gano wa masu karatu.

Sunan tafkin Wan. Haka Kurdawa da Larabawa ke faɗinsa, su kuwa Turkawa suna rubuta shi Van. Mutanen wurin ba su ma ce masa tafki, teku suke cewa, kuma wanda ya tsaya a gaɓa ya hanga ba zai ga laifinsu ba. Faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 3,700, tsawonsa kuwa kusan kilomita 120, watau kamar tafiyar Ikko zuwa Badun. Yana bisa tudu mita 1,640 daga doron teku, ya fi Jos tudu nesa ba kusa ba, saboda haka ko a watan Yuni in rana ta faɗi sai mutum ya nemi rigar sanyi. Inda ya fi zurfi mita 451 ne. Mutanen Sabo sun san Gidan Koko na Badun. To, a ɗora irinsa huɗu, ɗaya bisa ɗaya, ruwan zai shanye su har da saura.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan kansa. Ruwan kanwa ne. In ka ɗiba a hannu sai ka ji santsi kamar ka taɓa sabulu, in ka kai baki ka ji ɗaci da gishiri a haɗe. Ba a sha, ba a ban-ruwan shuka da shi, amma tun kaka da kakanni ana wanki a cikinsa ba tare da sabulu ba. Dalili kuwa shi ne koguna na shiga, amma babu wanda ke fita. Wani dutse mai aman wuta da ke yammacin tafkin, wanda ake kira Nemrut, shi ya yi amai tun zamanin da ba a rubuta tarihi ba, narkakken dutse ya toshe mafitar ruwan. Tun daga nan rana ce kaɗai ke rage shi, ta kwashe ruwa ta bar kanwa da gishiri suna taruwa. Masu fataucin ungurnu daga Barno za su gane zancen. Sai dai Cadi, ko da yake shi ma ba shi da mafita a sarari, ruwansa na shawuwa, kuma kusa da Wan shi ɗan faranti ne wajen zurfi.

KIFI MAI HIJIRA

Daga birnin Wan na bi hanyar arewa a mota. Kafin a shiga Erjish, garin da girgizar ƙasar ran 23 ga Oktoba 2011 ta fi yi wa ɓarna, wadda ta kashe mutum sama da 600 a yankin, akwai wani rafi mai ɗan gangare inda motoci ke tsayawa kallo. Kifi ake kallo. Iri ɗaya tak ake kamawa a wannan tafki duk girmansa, ɗan fari mai tsawon kamar taƙi guda, Turkawa na ce masa inji kefali. Yana rayuwa cikin kanwar lafiya lau, amma ƙwansa ba ya jure ta. Saboda haka daga Afrilu zuwa Yuli sai ya yi ayari ya nufi bakin koguna, ya dakata can har jikinsa ya saba da ruwan daɗi, sa'an nan ya kama hawa yana gaba da igiyar ruwa. A gangaren nan na ga suna tsalle bila adadin, wasu su haye, wasu ruwa ya maido su, ga kuma fararen tsuntsayen ruwa sun yi layi bisa duwatsu suna cafkewa tun a iska.

A wannan lokaci yaro ma da kwando zai iya cika buhu, kuma haka aka riƙa yi har kifin ya so ya ƙare. Yanzu doka ta hana su daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Yuli, jami'an tsaro na gadin koguna dare da rana. Don haka ban sami ɗanye ba, sai mai gishiri da aka gasa a tanderu. Rigimar kifin nan kuwa tsohuwa ce. Malam Balazuri ya kawo a littafinsa Futuhul Buldan cewa da fari kowa na kamunsa kyauta, sai da Muhammadu ɗan Marwana, ƙanen Halifa Abdulmalik, ya zama gwamnan yankin ya mai da shi na hukuma yana sayarwa. Ana sa masa gishiri a yi fataucinsa zuwa ƙasashe masu nisa, kamar dai yadda bandar Baga ke isowa Anaca.

BIRNIN DA KOWA YA SO

Ahlat na arewa maso yammacin tafkin, a lardin Bitlis. Yau ƙaramin gari ne mai lambuna, shiru, ba hayaniya. Wanda bai san tarihi ba zai wuce shi a mota bai waiwaya ba. Larabawa Khilaɗ suke ce masa, kuma ya shiga hannun Musulmi ta hanyar sulhu tun zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, wajen shekarar 640, a hannun Iyad bn Ganam. Matafiyin nan Bafarishe Nasiru Husrau ya ratsa ta cikinsa a 1046 kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya rubuta cewa harshe uku ake yi a garin, Larabci da Farisanci da Armeniyanci.

A 1071 Sarkin Rum Romanus ya taso da runduna don ya kori Turkawan Saljuk daga wannan yanki. Ya raba rundunarsa biyu, ya tura kashi ɗaya Ahlat, shi kuma ya tsaya Malazgirt, arewa da nan. Ran Jumma'a 26 ga Agusta Sarkin Saljukawa Alp Arslan ya auka masa, ya karya rundunar, ya kama shi da rai, bayan kamar mako guda ya sake shi. Turkawa na ɗaukar wannan rana a matsayin ranar da ƙofar ƙasar da suke zaune yanzu ta buɗe musu, shi ya sa kowace shekara ƙarshen Agusta manyan gwamnati ke cika Ahlat da Malazgirt, har an gina wa shugaban ƙasa masauki a bakin ruwa.

Birnin ya kai ganiyarsa daga 1100 zuwa 1207, ƙarƙashin wasu sarakuna da ake wa laƙabi da Shah Arman. Wanda ya kafa gidan, Sukman, asalinsa bawa ne. Don mai karatu ya kwatanta, zamanin ke nan da Sarkin Kano Gijimasu ya fara ginin ganuwa. Ayarin fatake daga Farisa zuwa Sham ta nan suke bi, kuɗi ya zauna, malamai da alƙalai da magina suka taru, har Turkawa na cewa Ahlat na cikin birane uku da aka yi wa kirari da Ƙubbatul Islam, tare da Balkh da Bukhara. Salahuddin Ayyubi kansa ya yi kwaɗayinsa a 1185 bai samu ba, sai ɗan ƙanensa Al-Auhad ya same shi a 1207.

Nan wani labari ya shigo wanda ban iya tsallakewa. A 1210 sojan Jojiya, Kiristoci, suka kewaye birnin, sai dokin babban jarumin nasu Ibane ya faɗa rami kusa da ganuwa, aka kama shi. Cikin fansarsa har da ba da 'yarsa Tamta aure ga Al-Auhad. Ango bai daɗe ba ya rasu, ɗan'uwansa Al-Ashraf ya aure ta. A 1230 Jalaluddin na Khwarizm ya ci birnin bayan ya tsare shi wata da watanni har yunwa ta gama da mutane, ya ɗauke ta. Bayansa Mongolawa suka zo, suka tafi da ita can ƙasarsu, ta yi shekaru, daga bisani wajen 1245 suka maido ta Ahlat a matsayin mai mulkin garin. Wadda aka shigo da ita a bakin fansa ita ta ƙare da riƙon birnin. Amma lokacin Ahlat ya riga ya karye. Yaƙi ya ci, girgizar ƙasa ta ƙarasa, sa'an nan a tsakiyar ƙarni na 16 Shah Tahmasb na Farisa ya rushe abin da ya rage. Kufan tsohon garin na nan cikin wani kwazazzabo, da ɗakunan da aka fafe cikin dutse kamar ramukan tsuntsaye.

MAƘABARTA

Abin da ke kawo baƙi Ahlat yau shi ne maƙabartarsa. Fili ne buɗaɗɗe mai kadada 21, ciyawa kore shar, ga duwatsun kaburbura sama da dubu takwas a tsaitsaye, jajaye-jajaye masu duhu, wasu sun miƙe, wasu sun karkata, wasu sun kwanta. Daga nesa kai ka ce jama'a ce ta tsaya a filin Idi. Da yawa sun fi mutum tsawo, akwai waɗanda suka haura mita 3. Mafi yawansu na ƙarni na 12 zuwa na 15 ne, kuma ana lissafa wurin cikin manyan maƙabartun Musulmi na wancan zamani da suka rage a duniya. Tun shekarar 2000 yana cikin jerin wuraren da Turkiyya ke neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya.

Sai ka matsa kusa za ka ga aikin. Ba a bar ko faɗin tafin hannu ba sassaƙa ba. A fuska ɗaya sunan mamaci da na ubansa da aikinsa da ranar rasuwarsa, a ɗaya fuskar zayyana mai sarƙaƙiya irin wadda mahaddata ke yi wa allon sauka, sai dai wannan a jikin dutse take. Akwai Ayatul Kursiyyu kewaye da gefe, akwai hadisai, akwai baitocin Farisanci, akwai surar fitila rataye cikin mihrabi, wasu ma har da macizai masu kai biyu, abin da Turkawa suka taho da shi daga tsohuwar ƙasarsu ta tsakiyar Asiya. Wanda ya yi allo zai iya karanta da yawa daga ciki, in ya yi haƙuri da salon rubutun. Akwai sashe guda da ake kira na alƙalai, nan ne duwatsun suka fi tsawo da kyau. A ƙasan wasu kuma masassaƙin ya sa nasa sunan, har ta haka masana suka gane wane ne ya koya wurin wane.

Mu da muka saba da kabarin da ba a sa masa komai sai fasasshiyar tukunya da reshen itace, abin zai zo mana banbaraƙwai, kuma na san malamanmu da yawa ba za su yarda da irin wannan ɗaga dutse bisa kushewa ba. Wannan magana tasu ce. Abin da zan iya cewa shi ne fadar sarakunan ta tafi, kasuwa da makarantu sun tafi, kuma da ba don duwatsun nan ba da an rasa sunayen yawancin alƙalai da malaman da suka zauna birnin. Yanzu abokin gabarsu wani irin gansakuka ne da ke manne wa dutse yana cin rubutun. Na tarad da ma'aikata zaune bisa 'yan kujeru suna kankare shi a hankali da ƙananan burushi, dutse ɗaya sai ya ci kwanaki.

Warwatse cikin gari da gonaki kuma akwai hubbarori na sarakuna da matansu. Siffarsu kamar rumbu mai jinka, amma duka na dutse. Gawa na ɗakin ƙasa, sama kuma ɗan ɗakin addu'a. Mafi girma, na ƙarni na 13, ya kusa mita 20. Wanda ya fi shiga raina shi ne na Amir Bayindir, wanda ya rasu a 1481, matarsa ta sa aka gina masa, da gajerun ginshiƙai a gefe guda ta yadda iska da haske ke ratsawa. A bakin ruwa kuwa akwai ganuwar da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Sulaimanu, ya sa aka fara, aka gama a 1568 zamanin ɗansa Salim. Cikinta akwai masallatai biyu, na 1564 da na 1584. Na biyun an gina shi zamanin Sarki Muradu na Uku, wanda Mai Idris Aloma na Barno ya aika wa jakadu.

Dutsen da aka yi duk wannan da shi aman Nemrut ne. In an haƙo shi da taushi yake, ana yanka shi da sauƙi, sai ya sha iska ya taurare. Maginan Ahlat sun yi suna har nesa. Babban masallacin Dibrigi da aka fara a 1228, wanda duniya ke zuwa kallo, wani mutumin Ahlat mai suna Hurram Shah ne maginin. Amma sana'ar na neman mutuwa. Siminti ya fi araha, samari kuma sun fi son tafiya Santambul aikin lebura da zaman shekaru gaban maigida ana koyon riƙon kurfi. A 2022 UNESCO ta sa sassaƙar dutsen Ahlat cikin jerin sana'o'in gargajiya da ke bukatar ceto da gaggawa. Masu sassaƙa sandar dogarawa da itacen jewiz, wadda garin ya shahara da ita, su kam da sauran kasuwa, don baƙo ba ya iya sa dutse a jaka amma yana iya ɗaukar sanda.

BISA RUWA

Daga Ahlat zuwa Tatwan kamar kilomita 40 ne. Nan layin dogo da ya taso daga Ankara ke ƙarewa a bakin ruwa. Duwatsun kudancin tafkin sun hana a shimfiɗa dogo, saboda haka tun 1971, da aka haɗa layin da Iran, sai a tura taragu cikin jirgin fito, a haye da su zuwa Wan, can wani kan jirgi ya ja su. Haka aka riƙa yi a Makurɗi kafin a gama gada a 1932. Sababbin jiragen, waɗanda suka fara aiki daga 2018, kowanne na ɗaukar taragu wajen hamsin, da motoci da fasinja. Tafiyar awa uku da rabi ce zuwa huɗu. Amma fa taragu ke da jirgi, fasinja ɗan rakiya ne, sai sun cika ake tashi, don haka mai gaggawa ya bi mota.

Da muka fita tsakiya sai ruwan ya koma shuɗi mai duhu kamar baba a marina, alhali a gaɓa, inda rafuka ke shigowa, fari-fari yake kamar an zuba nono. A baya ga Nemrut da kansa a gutsure. Marubutan Armeniyawa sun rubuta amansa na 1441, yanzu kuwa cikin ramin bakinsa wani tafkin ne na ruwan daɗi. A hagu ga Dutsen Sufan, mita 4,058, da dusar ƙanƙara a ka tsakiyar watan Yuni. Ba kwalekwale, ba gidan sauro, ba ciyawar ruwa, ba kada ba dorina. Awa guda cur ban ga komai na motsi ba sai tsuntsayen da ke bin jirgi ana jefa musu burodi. Da la'asar iska ta taso, igiyar ruwa ta fara dukan jirgin, duk nauyinsa sai da muka ji a jikinmu.

Wannan iska ta ci mutane. Yankin na kan hanyar 'yan ci-rani daga Afganistan da Pakistan da Iran masu neman shiga Turai. Don kauce wa shingayen jami'an tsaro a kan titi, masu fasa-ƙwaurinsu kan cusa su cikin ƙananan jiragen masunta da dare su haye tafkin. Ran 27 ga Yuni 2020 wani irin wannan jirgi ya nutse, ya sauka zurfin da ya haura mita 100, aka yi makonni ana ciro gawa har 61. A birnin Wan akwai maƙabartar waɗanda ba a san danginsu ba, inda ake binne irin waɗannan bayin Allah da waɗanda sanyi ya kashe a duwatsun kan iyaka. Lamba ake rubutawa a kan yawancin kaburburan. Masu zuga yaranmu su bi ta hamada ko ta ruwa ba su faɗa musu irin wannan.

TSIBIRIN AKDAMAR

Kashegari na je Gebash, a kudancin tafkin, inda ƙananan jirage masu inji ke kai mutane tsibirin Akdamar, tafiyar kamar minti ashirin. Matuƙi ba ya tashi sai ya sami adadin da yake so, kamar dai tashar Agege. A tsibirin akwai majami'ar da Sarkin Armeniyawa Gagik ya sa wani magini mai suna Manuwel ya gina daga 915 zuwa 921. Jikin bangon daga waje duk sassaƙa ce ta ƙissoshin da mu ma muka sani, na Annabi Yunusa da kifi, da Annabi Dawuda da Jaluta, da Annabi Ibrahim da ragon fansa. A bangon gabas akwai surar wani basarake zaune ya tanƙwashe ƙafa, wasu masana na ganin Halifan Bagadaza Muƙtadir ne, wanda Gagik ke ƙarƙashin inuwarsa. Masu jirgi kuma na da tatsuniyar sunan tsibirin, wai wani saurayi ne ke iyo da dare zuwa wurin wata yarinya Tamar yana bin hasken fitilarta, ran da ubanta ya gane ya ɓatar da shi da fitilar, ya nutse yana kiran sunanta.

Armeniyawan da suka yi wannan gini babu su a yankin yanzu. A 1915, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka karkashe su aka kori sauran. Ƙasashe da yawa na kiran abin kisan ƙare-dangi, gwamnatin Turkiyya ba ta yarda da kalmar ba. Majami'ar ta zama kufai, har a 1951 aka fara shirin rushe ta, sai wani matashin ɗan jarida, Yashar Kemal, wanda daga baya ya zama babban marubuci, ya kai kuka aka dakatar. An gyara ta aka buɗe a 2007 a matsayin gidan tarihi, kuma daga 2010 aka ba Armeniyawa izinin yin ibada a ciki sau ɗaya a shekara.

A hanyar komowa matuƙin ya nuna mini wani farin zane a jikin duwatsun gaɓa, inda ruwa yake kaiwa a da. A tsakiyar shekarun 1990 tafkin ya cika har ya ci gidaje da gonaki, amma daga 2021 fari ya sa ya ja baya, a wurare marasa zurfi kamar wajen Erjish ya bar fili mai nisan gaske. Wasu tulluwan farin dutse masu kama da suri, waɗanda ke tsirowa a ƙarƙashin ruwan, har akwai masu tsawon mita 40 a can cikin zurfi, yanzu ƙananansu sun fito sarari a bakin gaɓa. Dusar ƙanƙara ta ragu a kan duwatsu, manoma kuma na jan ruwan koguna daidai lokacin da kifi ke hawa yin ƙwai. A wasu tashoshin masunta sai an kawo motar haƙa ta yashe laka kafin jirage su iya fita ran 15 ga Yuli, in an buɗe su.